Ranar da Baffa Ya Bar Shiga Rumbu

Jiya na ji warin geron da ya yi fumfuna, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai. A gidanmu na Tozai shi kaɗai ke shiga rumbu, wai hurumin maigida ne. Daminar bayan samun 'yancin kai jinkar rumbun ta yi yoyo, geron ya jiƙe. Duk fitowarsa sai tari, ƙirjinsa na shessheƙa. Muka tsorata, mun zaci tarin fuka ne.

A Illela malamin asibiti ya shinshina rigarsa, ya ce, "Baba, fumfuna kake shaƙa. Ga ƙwayoyi, amma ka bar rumbu."

"To, mi ya rage wa maigida?"

"Numfashi."

Baffa ya yi dariya, ya sallama mini tsani. Muka shanya geron. Kafin kaka yana jan salla ba tari.

Allah Ya yalwata makwancinsa.