Bututun da Ba a Sanyaya Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin iska. Haka matata take gaya wa mutanen coci in sun tambaye ta aikina, kuma ba ƙarya ta yi ba. A wata cibiyar bincike da ke bakin garin Greensboro a Amurka akwai manyan maganaɗisu uku, kowanne kamar rumbun ƙarfe. Ba sa aiki sai suna jiƙe cikin ruwan hiliyom mai tsananin sanyi. Ruwan kuwa kullum cikin ƙafewa yake yana komawa iska, in aka bar ta ta bi ta rufi, to, ta tafi ke nan har abada. Aikina shi ne in tare ta. Bututun tagulla yana kai ta wata baƙar jakar roba da ke rataye a ɗakin injina, kwamfuresa ya matse ta cikin tukwane, wani inji kuma ya sake mayar da ita ruwa. Da hannuna na yi waldar bututun nan, gaɓa-gaɓa. Daga ƙarar kwamfuresa kaɗai nakan san in mai ya yi masa kaɗan.

Shugaban sashenmu wani Dakta ne, Bature, mai fara'a da son baƙi. In an kawo masu ziyara sai ya kai su ɗakin injina, ya daddaɓa jakar roba ya ce, "Mu nan ba ma ɓarnar ko ɗigo." Ni kuma ina gefe da sifana a hannu, yakan ɗaga mini hannu kamar yadda ake gaida maigadi. Ban damu ba. Ina da aiki, ina da gida a McLeansville, yara suna makaranta.

Sai mahaifina ya rasu a ƙauyenmu, kusa da Kafanchan. Ni ne babba, dole in je. Na nemi hutun mako uku, aka ba ni. Kafin in tafi na cika maganaɗisun duka ukun da ruwa har wuya, na rubuta komai a takarda na manna a bango. Babban gargaɗin ɗaya ne, na ja masa layi da jan biro: in za a ƙara ruwa, a bar bututun ɗura ya yi sanyi a waje tukuna, sai an ga farin ruwa yana fita daga bakinsa kafin a cusa shi ciki. Iska mai ɗumi in ta taɓa maganaɗisu, ya mutu. Na ce wa Dakta ma ba sai an ƙara ba, zai kai har in dawo.

Ranar da na koma aiki, tun daga ƙofa na ji shiru a ɗakin babban maganaɗisu. Kwana huɗu ke nan da ya saki sanyinsa. Duk ruwan da ke cikinsa ya tafasa cikin minti kaɗan, jakar roba ta kasa ɗauka, bawul ɗin tsaro ya fashe, iskar da na yi watanni ina tarawa ta fice ta rufi. Na tsaya na dafa jikin ƙarfen, na ji shi da ɗumi kamar bangon ɗaki.

Da rana aka kira ni ofis. Dakta yana zaune, da wata mata daga ofishin ma'aikata, ga takarda an riga an buga. A ciki an ce bincike ya nuna sakaci wajen kula da layin bututu. Na tambaya wane bututu, a wace gaɓa. Dakta ya dubi agogonsa ya ce ba a taru don a ɗora wa wani laifi ba. Matar kuma ta yi mini ta'aziyyar mahaifina, sannan ta miƙo mini biro.

Ban sa hannu ba. Na fito na zauna a bayan ginin inda ake ajiye tukwanen gas. Nan Hajiya ta same ni, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke sharar ginin, wadda kullum muke gaisawa da Hausa mu ji daɗi. Ta jingina tsintsiyarta ta yi mini gaisuwar rashi, ta yi wa tsohon addu'a. Sai ta rage murya.

"Ƙanena, ina cikin ɗakin ina goge ƙasa ranar. Da idona na gani."

"Me kika gani, Hajiya?"

"Patron ɗinku ne, Dakta da kansa. Yana sauri, wai baƙi za su zo. Ya ɗauko dogon ƙarfen nan ya cusa, bai tsaya yadda kake tsayawa ba. Sai na ji gum! Hayaƙi fari ya cika ɗaki, har na bar guga na gudu."

Na ce, "Za ki iya faɗa musu haka?"

Ta dubi takalminta. Kamfanin shara ne ya kawo ta, ba cibiyar ba, waya ɗaya ta isa a ce kada ta sake zuwa. Jikoki uku take riƙo.

"In ka ce in faɗa, zan faɗa," in ji ta.

Na ce ta bar shi, Allah yana gani. Na faɗi haka ne don ba ni da wata maganar, amma zuciyata ba ta yarda da bakina ba.

Ba su kore ni ba. Sun mayar da ni sito, ina karɓar kwalaye ina sa hannu, suka ɗauko wani kamfani daga wata jiha ya riƙa kula da injina. Wata biyar na jure, sannan na ajiye aikin. Yanzu gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi, gida-gida, yawanci a Pleasant Garden, inda karnuka suke fara yi mini maraba kafin masu gida.

Bayan na bari da kamar wata biyu, wata Asabar muna cin tuwo da rana, waya ta yi ƙara. Dakta ne. Ya tambayi lafiyar iyali da fara'arsa ta kullum, kamar jiya muka rabu lafiya. Wai injin mayar da iska ruwa yana toshewa, mutanen kamfanin sun rasa dalili. Matata tana girgiza mini kai, tana nuna in kashe wayar. Na san dalilin tun kafin ya gama magana: danshi ne ya daskare a matatar farko, sai an ɗumama ta an busar kwana guda. Na gaya masa. Ya ce ni mutumin kirki ne, ya ajiye waya.

Matata ta kwashe kwanonin, har washegari a hanyar coci ba ta yi mini magana ba.