Malam Baturke da Molonsa a Katagum

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar abokina, mutumin Turkiyya da duk Azare ta sani da Malam Baturke. A ƙasarsu ya rasu, amma a nan muka yi zaman makokinsa, har aka rasa wurin shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana.

A shekarun tamanin ya zo koyar da tarihi a kwalejin da nake aiki. Babban burinsa shi ne gano tsohuwar alaƙar Borno da sarakunan Santambul. Yana rubuta waƙoƙi da harshensu, yana kuma da wani molo mai dogon wuya da yake kira saz. In tsirkiyarsa ta tsinke, sai mu je wurin wani Ibo mai sayar da kayan keke, ya zaɓi wayar birki. Shayinmu mai madara kuwa bai taɓa yarda shayi ba ne. "Malam Sule, wannan ai kunu ne," haka yake ce mini, sannan ya shanye.

Abin da ba na mantawa shi ne zuwanmu tsohon garin Katagum a kan babur ɗina. An gaya mana akwai wani dattijo, Baba Manu, wanda shi kaɗai ya rage da ya haddace waƙar kafuwar garin. Mun same shi kwance, jiki ya yi nauyi. Ya ce ya bar waƙa tun da ya dawo daga Makka, kada ma mu tayar da zancen. Na yi ta lallashi har na gaji. Na san idan ya tafi, waƙar ta tafi.

Baturke bai roƙe shi ba. Ya ɗauko molonsa ya rera waƙar ƙauyensu, yana gaya mini ma'anarta da Turanci, ina fassarawa: sunayen kakanni ne da rijiyoyin da suka haƙa. Tsohon ya yunƙura ya tashi zaune.

"Kakanni nawa ka ambata, baƙo?"

"Biyar, Baba."

"Biyar kacal? Matso da kyau ka ji."

Har aka kira la'asar Baba Manu yana rera waƙar kafuwar garin, jikokinsa sun cika zauren, baki buɗe, don ba su taɓa jin muryarsa haka ba. Baturke ya ɗauka a kaset, ya bar wa iyalin kwafi guda. Damina ba ta ƙare ba Baba Manu ya rasu.

Yau da zai leƙo Azare, ya tarar matasa sun duƙufa kan waya suna kallon finafinan ƙasarsu da aka juya zuwa Hausa, na san dariya zai yi har da hawaye. Daga nan ya tambaye su sunan kakan kakansu, su yi ta sosa ƙeya.

Littattafansa suna can da harshen da ba na ji. Abin da ya bari a gidana daban ne. Lokacin da aka haifi 'yata Hadiza, ya koya wa matata wata waƙar reno ta mahaifiyarsa. Kwanan baya na ji Hadiza tana rera wa jaririnta ita, kalmomin duk sun karkace. Na tambaye ta ina ta samo.

"Ta Fulani ce, Baba. Wurin Inna na koya."

Ban gyara mata ba, don yaron ya riga ya yi barci. Allah ya jiƙan Malam Baturke, ya sa ya huta.