Sai Bayan An Ci Abinci

Ana sallame sallar asuba a masallatan Zango muka kama hanya, ni da direban motar asibiti da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɓangarenmu. Ga wanda bai sani ba, daga Katsina na zo Damagaram, wato Zinder, karatun jinyar masu taɓin hankali, kuma bana aka fara fita da mu ƙauye. Wani manomi za mu dubo a bayan Tirmini. Garau muka sallame shi da maganinsa, sai ga labari wai ciwon ya dawo, har an ɗaure shi.

Raina a ɓace na shiga motar nan. Na riga na yanke hukunci: sun watsar da ƙwayar, sun koma wa hayaƙi da turare.

A shingen fita gari jandarma ya karɓi katina yana ta juya shi, yana zuba mini Faransanci, ga shi nan ne raunina. Da ya gane abin da nake karantawa sai ya ce, "Tun daga Najeriya takanas don mahaukata? Naku sun ƙare ne?" Direba bai daina dariya ba har Tirmini. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Kwalta lafiyarta lau, abin da ke gefenta ne ba lafiya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rumbuna a buɗe ba mai ko waiwayarsu. A Tirmini muka tsaya karyawa. Shayi ba madara, burodi na jiya, an rage masa tsawo amma kuɗinsa na nan daram. Na gutsura sau ɗaya na cusa sauran a jaka ina mita. Daga nan muka faɗa rairayi, mota ta kafe, muka tura, takalmina ya tsinke.

A ƙarƙashin rumfa muka sami manomin, yana faɗa da mutanen da shi kaɗai ke gani. Igiya ta ci masa idon sawu. A turken sansa aka ɗaure shi, san da aka sayar tun farkon fari. Ko gaisuwa ban gama ba na ce wa matarsa ta kawo maganin. Ta ɗauko shi a ƙulle cikin tsumma mai tsabta, fiye da rabi na nan. Ai kuwa na hau faɗa.

Ta bari na kai aya, sannan ta dubi majo. "Majo, a gidan likita an ce mini kar ya sha sai ya ci abinci. Ran da muka samu, nakan bar mishi nawa, ya ci ya sha. Ran da babu fa? Anza muke jiƙawa, ita kuwa ban sani ba ko abinci ce a wurinku. Tsoro na ji ya kashe mini shi."

Anza 'ya'yan itacen daji ne masu ɗaci, sai an kwana ana jiƙa su suke ciyuwa. Maganar bayan cin abinci kuwa, kowa a tagar ba da magani haka yake faɗarta kamar gaisuwa, alhali wannan ƙwayar ko da ruwa zalla ana shanta. Haushina bai tafi ba, wurin zama kawai ya sauya.

Majo ya ce da mu za a tafi da shi, ya durƙusa ya kwance igiyar da hannunsa. Na ciro burodin nan da na raina na miƙa wa matar, na ce ta ci. Ba ta kai bakinta ba. Ta gutsura ta sa wa mijinta, ta jira ya haɗiye, sannan ta ɓallo ƙwaya ta dube ni.

"Yanzu ya sha?"

La'asar sakaliya muka shigo Zinder, ƙafata ɗaya ba takalmi, mutumin na barci a bayan mota. An kwantar da shi, ƙafarsa da igiya ta ci kuma ta fara warkewa. Na tsallako iyaka don in koyi sunayen cututtuka da Faransanci, amma tambayar da ta fi amfani a ƙauyen nan na samo ta. Yanzu kafin in miƙa wa kowa magani sai na ce, "Yaushe rabonku da ɗora tukunya?"