Na Kayar da Ɗalibata Don Kada In Ce Ban Gane Ba

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni malamin kimiyya ne a wata jami'a a Kano, ina zaune a Gyadi-Gyadi, ina ji da kaina ƙwarai. Hankalina ba ya kan aji, kullum ina zarya gidajen 'yan siyasar Tarauni ko muƙami zai faɗo. A lokacin aka ba ni wata ɗaliba in duba aikinta na digiri na biyu. Malamar sakandare ce, 'yar Kudancin Kaduna, hutun karatu na shekara biyu kacal aka ba ta.

Ta ce mini lissafin da muke koyarwa na yadda abu ke bazuwa yana da gyara. In aka kunna turaren wuta a ɗaki, lissafin na nuna nan take burbushin ƙanshin ya isa ko'ina, har duniyar wata, alhali mun yarda babu abin da ya fi haske gudu. Maganin, in ji ta, a bi ƙwayoyin hayaƙin ɗaya-ɗaya, kowace da iyakar gudunta, tana karo tana sauya hanya, sai a fitar da lissafin da bai saɓa wa wannan doka ba. Wallahi shafi uku na karanta kaina ya ɗaure. Maimakon in amsa ban gane ba, sai na yi dariya, na ce ba ita za ta gyara littattafan da suka girme ta ba. Ta roƙe ni in nuna mata ko layi ɗaya da ta kuskure, na ce ina da taro. A gaban kwamitin tantance aikin na ce shirme ne, kuma aka yarda da ni. Hutunta ya ƙare, ta koma aji hannu rabbana.

Muƙamin bai zo ba. Bayan shekaru na zauna na bi aikin a tsanake, wata huɗu ina fama, ban samu kuskure ko ɗaya ba. Na je Unguwa Uku, inda take zaune a da, neman gidanta, maƙwabta suka ce ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun bar Kano.

Malamai 'yan'uwana, in abu ya fi ƙarfinku ku faɗa, kada ɗalibi ya biya kuɗin jahilcinku. Ni dai kunyar minti ɗaya na guje wa. Yanzu ina da amsar da ta roƙa, babu wanda zan ba.