Wasiƙar da ke Gadin Bukkar Reb Getsel

A buɗe hanya, a janye yara gefe, matan baranda su ɗan tsagaita da tsegumi. Ga Reb Getsel Tarnopol nan, Malam Getsel ke nan a bakin Yahudawa, sarkin masu gyaran keken jarirai na unguwar Ge'ula, likitan tayar da ta karkace, mutumin da rabin Urushalima ta yi jarirantaka a kan ƙusoshinsa. Gajere ne, gemunsa kullum da baƙin mai. A ɗakuna biyun da aka haife shi ya auri Hinda, a nan ya aurar da 'ya'ya mata bakwai. Sau ɗaya ya taɓa zuwa bakin teku, ya dawo ya ce ruwa ne kawai.

Abokin gabansa ɗaya ne a duniya, Reb Anshel na saman bene. Duk shekara idan Idin Bukkoki ya matso, lokacin da Yahudawa ke mako guda suna cin abinci a bukka, Getsel yakan kafa bukkarsa a baranda ya rufe ta da ganyen dabino. Dokar addini ta ce bukka sai ta kalli sama kai tsaye, barandar Anshel kuwa ta leƙo kan ta Getsel da kamar kamu ɗaya. Sai Anshel ya zuro kai ya sanar da unguwa cewa wannan ba bukka ba ce, akurki ne, wanda duk ya ci abinci a ciki bai yi idi ba.

Tun yana ango abin ya ishi Getsel, ya rubuta wa babban malaminsu, Rabbi Zundel, tambaya. Amsa ta zo da hannun Rabbi kansa, shafi guda, har da zanen barandar: bukkar ta halatta, a dai guji zama ƙarƙashin wannan kamun. Tun ranar, wasiƙar ce ado na farko da ke hawa bangon bukkar, da ƙusa. Anshel na buɗe baki, Getsel zai nuna ta da cokali ya ci gaba da shan miyarsa.

Shekaru suka shuɗe, Rabbi Zundel ya rasu, sunansa ya yi tashe, masu tara rubutun manya suka bazama neman ko da takardar da ya gwada alƙalami a kai. Labari ya kai kunnen Lipa, ɗan ƙanwar Getsel, wanda makarantun Attaura uku suka sallama, kowace da addu'ar kada ya dawo. Lipa ya ga kansa a jirgin Amurka. Ana jibi idi ya hawo bene yana tsalle, da wani dillali a bayansa, Reb Shraga, mai farar safar hannu da gilashin ƙara girma.

Suka tarar da Getsel a kan tsani. Da dillali ya ga wasiƙar sai ya kafa mata gilashinsa. Hudar ƙusa ta zagaye samanta kamar tankaɗe, ga ɗigon kyandir, ga tabon ruwan inabi daidai kan sa hannun Rabbi. Ya tambaya wane ne ya yi wannan aika-aika. Hinda ta amsa daga kicin cewa inabin surukinsu na uku ne, kyandir ɗin kuma nata.

Aka cire ta a hankali aka shimfiɗa a tebur. Lipa ya shiga zuba: za a buga sunan Kawu a littafin gwanjo, attajiran birnin Antwerp za su yi ta ɗaga hannu, shi kuma ba zai ƙara taɓa tayar kowa ba. Getsel ko a jikinsa. Dillalin ne ya san inda zai taɓa. Ya ce rubutun bawan Allah irin wannan bai cancanci ruwan sama da tururin miya ba, a gilashi ya kamata ya zauna, malamai su riƙa zuwa suna karantawa. Ya kuma yi alkawarin ba shi hotonta mai kyau a madadinta, har tabon zai fito.

Nan jikin Getsel ya yi sanyi. Ya daɗe yana kallon rubutun, yana goge hannu a riga. Lipa har ya fara taka rawa a bakin ƙofa. Sai Getsel ya leƙa ta cikin ganyen dabino, don ya san akwai kunne a sama.

“Reb Anshel, idan na rataya hotonta, ka yarda?”

Kan Anshel ya bayyana nan take, fuska sai walƙiya take. “Haba maƙwabci, hoto da asali ai duk ɗaya ne. Sayar da abinka. In kira muku mota?”

Getsel ya tsargu. Tun da suke, ko a kan ranar mako Anshel bai taɓa yarda da shi ba. Ya hango daren idi sarai: miya a gabansa, surukai bakwai a jere, murya daga sama tana cewa hoto kowa na iya haɗawa.

Ya ɗauki wasiƙar daga gaban dillali, ya zaro ƙusa daga bakinsa, ya nemi wurin da ba huda ya kafa. Dillali ya yi wani ɗan ƙara kamar an taka kyanwa, ya tattara safarsa ya sauka. A sama aka rufe taga da ƙarfi.

Lipa ya bi kawun nasa har gindin tsani yana buɗe hannuwa. “Kawu, ka san abin da ka yi kuwa? Yau da sunanka ya ƙetare teku. Da jikokin jikokinka sun ce mu ne zuriyar Getsel mai wasiƙa. Tarihi ne fa ya hawo bene ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.”

Getsel ya taka mataki na biyu, ya gyara wani reshen dabino.

“Riƙe tsanin, yana rawa.”