Dakta Kengonzi Mai Fatar Karfasa

Kafin masu shayi su hura wuta a kasuwar Mbarara, Dakta Kengonzi ta riga ta sauka daga kan babur da 'yar kularta ta ƙanƙara. Ba kifi take zuwa saye ba. Fatar karfasa take karɓa, wadda ake watsa wa kuliyoyi.

"Ga mai miyar fata nan ta iso," in ji Mama Tushabe mai kifi. "Dakta, duk bokon nan naki, har yau ba ki gano tsokar ake ci ba?"

"Ki bar ni da wautata, yaya. Ta jiya duk kin tsattsaga min, yau ki feɗe a hankali."

Daga nan sai ɗakin bincike. Ta wanke fatar, ta kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, ta duƙufa tana duba yadda sabon nama ke tofowa idan an rufe ƙuna da ita. A haka furfura ta same ta. Abokan karatunta sun haye ƙasashen waje sun yi suna, ita kuwa ta zauna tana ƙarnin kifi, har akwai masu toshe hanci in ta gifta. Ko a jikinta. Damuwarta ɗaya ce: yadda ƙuna za ta warke ba tare da ta manne wa mutum yatsu ba.

Sista Nabirye, ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe tare da ita, ba ta gajiya da labarin Nyamwiza. Matar makiyayi ce. Tana turara ƙoren madara da hayaƙin ciyawa kamar yadda matan ƙabilar Bahima ke yi, sai zaninta ya kama wuta, ta kashe da hannun dama. Hannun ya ƙone sosai. In ya warke a dunƙule, ita da kaɗa nono har abada. Dakta ta ce a rufe shi da fatar karfasa, sai surukin matar, dattijo Rutahigwa, ya doka sandarsa a ƙasa.

"Kifi? 'Yata, mu ba ma haɗa kifi da madara. In ta taɓa ƙwarya da hannun nan, nonon shanuna ƙafewa zai yi."

Da wani likitan ne, da ya ce camfi ne, ya yi gaba abinsa. Dakta ta jawo benci ta zauna.

"Baba, a rugarku in mutum ya ci abin da bai dace ba, yaya ake yi?"

"Ya ƙaurace wa madara sai jikinsa ya tsarkaka."

"To, ta ƙaurace har fatar ta faɗi."

"Ita kaɗai? Kowa na sha tana kallo?"

"Ba ita kaɗai ba, Baba. Ni na kawo kifin, ni ma na bar madara."

Sai tsohon ya ajiye sandar.

Duk wanda ya san Dakta ya san ba ƙaramin alkawari ta ɗauka ba, domin shayinta madara ce aka ɗiga wa ganye. Makonni ta yi tana kurɓar baƙin shayi tana yamutsa fuska. Nyamwiza kan yi dariya daga kan gado ta ce, "Dakta, wai ni ce marar lafiyar ko ke?" Ranar da aka ɗaga fatar, sabon nama ya rufe hannun jawur. Dakta ta ce ta motsa. Yatsun suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, suka miƙe. Sista Nabirye ta ce kuka ta yi don murna, ba ta ji kunyar kowa ba.

Dakta Kengonzi, ke ce kika tsinci magani a inda muke zubar da shara. Ke ce ba ki taɓa raina al'adar mai ciwo don kin fi shi karatu ba. Murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya.

A makon jiya kika yi ritaya. An ci matoke, wato tuwon ayaba, an yi jawabai, ɗalibanki sun cika wurin. Ana cikin haka Nyamwiza ta taso, ta durƙusa gabanki da ƙwaryar man shanu riƙe da hannu biyu, ta ce, "Karɓi, Dakta. Da hannun daman na kaɗa."

Mun gode, Dakta. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasa masu bincike, ku yi koyi da ita: ku jure wa aikin da ba a tafa masa, ku zauna ku saurari mai ciwo da danginsa. Akwai hannuwa da yawa da ke jiran ku.