Cokalin Boeta Toyer

Shekara talatin da huɗu, da an sallame sallar asuba Boeta Toyer Salie ke fita daga gidansa a Mitchells Plain, biredi da kifi a leda, cokalin shayi a aljihun gaba. Ya nufi ma'aikatar da ke bakin tashar Cape Town, inda ake ƙera jiragen ruwa na alfarma masu ciki biyu, irin waɗanda iska ke turawa har Brazil. Wasu ke shimfiɗa zaren gilashi, su shafe da ƙaro, hawa kan hawa. In ya bushe, sai a kira Toyer.

Aikinsa ƙwanƙwasa. Yakan bi jikin jirgi taki-taki da cokalin nan, kunne a manne. Inda aiki ya kama, ƙarar ta fito ƙwal. Inda iska ta maƙale a tsakani, ta fito ɗif, ya zagaye wurin da alli.

Mu masu goge jirage mun shaida ranar da saura kwana biyu a saka wani babba a ruwa, masu shi har sun iso da 'ya'yansu uku. Toyer ya zana alli a jikin ciki na hagu, can ƙasa inda ruwa ke rufewa.

Manaja Fourie ya ce, "Haba Boeta, an gama fenti fa! Shayi za ka dama mana a jikin jirgin?"

"Yanka ka gani, Oga."

"In babu komai?"

"In haɗiye cokalin a gabanka, ba ruwa."

Aka yanka. Rami ne, tafin hannu biyu. Manaja ya sa aka gyara. Jirgin ya ƙetare teku lafiya, masu shi suka aiko da katin godiya. Da sunan wa? Da sunan Fourie!

 Shi Toyer dai, duk ranar da jirgi zai tashi, ya tsaya ƙarshen gadar tasha yana kallon filafilan har su ɓace bayan tsibiri. Jirgi sama da ɗari uku ya raka da ido. Ko ɗaya bai taɓa shiga a kan ruwa ba. Iyakarsa tudu, ya tuɓe takalmi kamar yadda doka ta ce, ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya sauko.

Ran nan ya ce mini, "Anti Rugaya, direbobin sun ce in iska ta kama, ruwan da ke bi tsakanin cikin biyu waƙa yake yi. Ita kawai nake so in ji."

Na ce, "To buɗe baki ka roƙa mana, tsohon banza!"

Ya yi dariya. "Da waɗanne ƙafafu zan hau? Waɗannan da suka sha fenti?"

Watan jiya aka sallame shi. Ƙarar injin goge ta cinye kunnen hagu, na dama ma likita ya ce da ƙyar ya kai baɗi. Me aka ba shi? Hoton jirgi a cikin gilashi. Hoto! Mutumin da ya yi aiki da kunne, aka sallame shi da abin kallo.

Toyer, kai ne kunnen ma'aikatar nan. Kai ne ka sa attajirai ke barci a tsakiyar teku ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi tsayawa kan allinku ko manaja na huci.

Ku kuma masu ma'aikata, ba agogo muke nema ba, ba jawabi ba. Asabar za ku fita gwajin sabon jirgi, kujera goma sha biyu gare shi. Ku kashe inji in kun wuce tsibiri, ku zaunar da shi ta dama, ku yi shiru. Zan kawo shi bakin gada ƙarfe takwas, da takalmansa a hannu.